Yadda ake karatun kasuwanci a jami'a: daga cin Bak zuwa kare kundi

Duk shekara, da zarar sakamakon Bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, zauren gidanmu a Zango ba ya rabuwa da baƙi. Ƙanne ne da ƴaƴan maƙwabta, kowa da takardarsa a cikin leda, tambayar kuma kusan ɗaya ce: "Yaya, kasuwancin ƙasa da ƙasa nake son karantawa, ta ina zan fara?" Ni wannan hanya na bi. Na yi lisans, na ɗora da mastar, na yi aiki a ofishin masu fiton kaya, kuma na rako yara da dama tun daga cike takarda har ranar kare kundi. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Riƙe wannan tun yanzu: karatun nan ƙafa biyu gare shi, ɗaya a aji, ɗaya a kasuwa. Wanda ya haddace darasi amma bai taɓa tsayawa a rumfar mai riɗi ya ji yadda ake yanke farashi ba, zai fito da takarda, sai dai Alhajin da bai taɓa shiga lakwal ba zai yi masa fintinkau. Mu ƴan Damagaram ba mu da uzuri. Tun zamanin Sarki Tanimu ayarin raƙuma ke tashi daga nan zuwa Tarabulus, fatake irin su Malam Yaro suna juya dukiya, yau kuma Kano na nan ƙasa da kilomita 250 daga ƙofarmu.

Kayan da za ka tanada

- Takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar cin Bak da ta makin da ka samu, da ƙananan hotuna. Kowace takarda ka yi mata kwafi aƙalla biyar, a buga musu hatimi a ofishin magajin gari ko wurin ƴan sanda. Ta asali ba ta fita daga gida sai in dole.
- Na'urar lissafi irin ta ɗaliban kimiyya. Ba a yarda da waya a ɗakin jarrabawa, don haka ka saba da na'urar tun farkon shekara.
- Ɗan littafin jerin lambobin asusu na SYSCOHADA, tsarin ajiye lissafin kuɗin kamfanoni da ake bi a Nijar. Ka tabbata bugun da aka sabunta ne, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Akwai tsoffi suna yawo a hannun masu sayar da littattafai a bakin titi.
- Littafin rubutu ɗaya mai bango mai ƙarfi, wanda ba na darasi ba. Shi nake kira littafin kasuwa, bayaninsa na tafe.
- Kwamfutar hannu, ko da ta gwanjo ce, in dai batirinta na riƙe wuta awa biyu zuwa uku. In babu hali, a shekarar farko waya da ɗakin kwamfutar makaranta sun isa. Daga shekara ta biyu kam sai da ita, ko da ku biyu ne za ku yi karo-karo.
- Fitila mai caji. Ka san halin wutarmu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da karatu ya fi zafi.
- Adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba.

1. Rarrabe fannonin, sannan ka zaɓa

Yara na haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya. Fannin gudanarwa, wanda a aji za ka ji ana ce masa jestiyo, shi ne tafiyar da kamfani: kuɗi, ma'aikata, kaya, tsari. Tun 1916 wani injiniyan Faransa, Henri Fayol, ya tattara aikin shugaba cikin abu biyar: hango gaba, tsarawa, ba da umarni, daidaita sassa, bin diddigi. Fannin tallata haja, wato maketin, shi ne sanin mai saye: wane ne, me yake so, nawa zai iya biya, ta wace hanya kaya za su kai gare shi. Kasuwancin ƙasa da ƙasa kuwa shi ne duk wannan idan an sa iyaka a tsakani, sai ga duwan, ga canjin kuɗi, ga sufuri, ga dokar ƙasa biyu.

Shawarata ita ce ka fara da gudanarwa mai faɗi, ka bar ƙwarewa sai shekara ta uku ko mastar. Sunan "ƙasa da ƙasa" yana da daɗin faɗi a gaban dangi, amma guraben aikin da ke neman mai iya lissafin kuɗi sun fi yawa. Mai Bak D ko C ba ya shan wahalar lissafi. Mai G2 ya riga kowa sanin kwantabilite, wato ajiye lissafin kuɗi, mai G3 ya san harkar saye da sayarwa. Mai Bak A ma yana iyawa, na ga waɗanda suka yi, amma kada ya kwana a hutun nan: ya nemi ɗan D ya maimaita masa kaso cikin ɗari, warware lissafin da ba a san adadinsa ba, da karanta zanen ƙididdiga.

2. Zaɓi makaranta, ka bincike ta kamar mai neman aure

A nan gida akwai Jami'ar André Salifou, wadda aka raɗa wa sunan masanin tarihin nan ɗan Damagaram da ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991. Cibiyarta ta fasaha, IUT, tana da sashen tafiyar da sufuri da jigilar kaya, kuma wannan sashe maƙwabcin kasuwancin ƙasa da ƙasa ne na ƙut da ƙut. Birnin Tawa ya fi karkata ga fanninmu: Jami'ar Djibo Hamani na da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, IUT ɗinta kuma na koyar da dabarun sayarwa da tafiyar da kamfanoni. A Yamai akwai Jami'ar Abdou Moumouni da tsangayarta ta tattalin arziki da gudanarwa, sai dai ka sani tafiyar kusan kilomita 900 ce, ga cunkoso, ga tsadar ɗaki. Mai son karatu da Ingilishi kan duba Jami'ar Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya. CESAG, makarantar koyon gudanarwa ta Dakar, ka ajiye ta a ranka don mastar.

Sai makarantu masu zaman kansu, kuma a nan ne ake yin kuka. Akwai nagari, akwai na bogi. Wani ɗan ƙanwar mahaifiyata ya biya kuɗin shekara biyu a wata makaranta, sai da ya je neman shiga gasar ɗaukar aiki aka ce masa ba a san da zaman fannin nasa ba. Makarantar na da izinin buɗewa, fannin ne ba shi da shi. Saboda haka kafin ka ba da ko dala, ka nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi wadda ta ambaci fanninka da sunansa. Ka tambaya ko CAMES, hukumar tantance digiri da ke Wagadugu, ta amince da digirin. Idan BTS ne, wato takardar karatun sana'a da ake yi bayan Bak, ka tambaya ko na gwamnati ne ko na makarantar kawai. Sannan ka samu ɗalibai biyu da suka gama can, ka tambaye su a bayan idon hukumar makarantar: malamai na zuwa? An ba ku takardunku a kan lokaci? Idan aka fara yi maka kwana-kwana a kan takardar izini, ɗauki ledarka ka fita.

3. Kai takardu da neman bursi

Ranakun rajista da hanyar shiga kan canza daga shekara zuwa shekara, don haka allon sanarwar makarantar za ka bi, ba jita-jitar WhatsApp ba. Bursi da tallafin ɗalibai na hannun ANAB, ɗaki da abinci kuma na hannun CROU. Ka kai takardunka da wuri, ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa. Kada ka gina kasafinka a kan cewa kuɗin za su zo ranar da kake so. Ka tafi da abin da zai riƙe ka wata uku.

Kuskuren da ya fi cin mutane a nan ƙarami ne a ido: rubutun suna. A takardar haihuwa Abdoul Aziz, a ta Bak Abdoulaziz. Ko ranar haihuwa ta bambanta. Jera takardunka a tabarma ka karanta su baƙi bayan baƙi. In ka ga saɓani, gyara shi yanzu, domin ranar karɓar digiri shi zai tsaya maka a wuya.

4. Gane tsarin LMD (lisans, mastar, dakta) kafin ya gane ka

Lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, jimla 180. Mastar shekara biyu, kiredi 120. Darussa a cikin rukuni suke, kuma ana cin rukuni da maki 10 cikin 20. Dokar yadda darasi mai ƙarfi ke ɗaukar mai rauni, da ta zama na biyu ga wanda ya faɗi, kowace makaranta da tata. Nemi takardar dokar a makon farko ka karanta.

A jami'a babu mai kiran sunanka da safe, babu mai zuwa gidanku ya kai ƙara. Shi ya sa shekarar farko ke zubar da mutane. Babban aji malam ke zuba bayani ya tafi. A ƙananan azuzuwan atisaye, TD, ake koyon abin da zai fito a jarrabawa, kada ka bar ko ɗaya ya wuce ka. Ku haɗa rukunin karatu na mutum huɗu ko biyar. In kun kai goma, fada ce ta shan shayi. Kuma kada ka bar bashin darasin shekarar farko ya bi ka har ta uku, yana hana mutum takarda bayan ya gama komai.

5. Kama lissafi da hannu biyu

Kwantabilite ba a karanta ta kamar tarihi. Da biro ake koyon ta, kullum atisaye biyu ko uku, har hannunka ya san inda debi yake da inda kiredi yake, wato ɓangarori biyu na kowane asusu, ba tare da ka yi tunani ba. Tsarin da za a koya maka na OHADA ne, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993, ƙasashe 17 ke cikinta har da Nijar. Najeriya ba ta ciki, don haka in ka tsallaka iyaka, dokar kamfanoni da fasalin littattafan kuɗi sun sauya.

Ga wurare uku da nake ganin ɗalibai na faɗuwa duk shekara.

Na farko, riba. Ka sayi kaya sefa 800, ka sayar 1,000. Ribarka 200. In ka auna ta da kuɗin saye, kashi 25 ce cikin ɗari. In ka auna ta da kuɗin sayarwa, kashi 20 ce. Duka biyun daidai ne, amma sunansu daban, kuma malam na sane yake tambayar ɗaya don ka ba shi ɗayar.

Na biyu, harajin TVA, wanda a Nijar mizaninsa na gama-gari kashi 19 ne. An ce maka kaya sun tashi 11,900 har da haraji, a fitar da asalin farashi. Ɗalibi sai ya cire kashi 19 daga 11,900, ya samu 9,639. Kuskure. Rabawa ake yi da 1.19, amsar 10,000.

Na uku, gaɓar da ciniki ke fara biyan kansa. A ce mai kilishi na kashe 150,000 a wata a kan haya, wuta da albashin yara, ko ya sayar ko bai sayar ba. Kowane ƙunshi, bayan an cire nama, ƙuli, yaji da takarda, yana bar masa 500. Raba 150,000 da 500, ka samu 300. Sai ya sayar da ƙunshi 300 kafin ya ga ribar dala ɗaya. Wannan lissafin kaɗai, in ka iya yi wa ɗan kasuwa shi da Hausa, ka fara cin moriyar karatunka.

Duk atisayen da ka warware a takarda, sake yin sa a Excel. In babu Excel, LibreOffice kyauta ce kuma aikin ɗaya ne. Kafin ka gama shekara ta biyu, ka nemi inda za ka taɓa manhajar lissafin kuɗi ta Sage, ofisoshi da yawa da ita suke aiki.

6. Buɗe littafin kasuwa

Wannan matakin babu shi a jadawalin kowace jami'a, kuma shi na fi ba muhimmanci. Zaɓi haja ɗaya, ɗaya tak: riɗi, tattasai, kanwa, fata, raguna, ko takalman da masu dukanci ke ɗinkawa. Duk mako, rana guda, ka je wuri guda ka rubuta kwanan wata, farashin sari, farashin tiya ko na ɗai-ɗai, daga ina kayan suka zo, ina za su, da nawa ake canjin naira a ranar. In kana karatu a Tawa ko Yamai, yi a kasuwar can, da hutu ka ci gaba a Kasuwar Dole ko ta Mirriya ran Lahadi.

Yadda za ka shiga wurin ƴan kasuwa shi ne rabin aikin. Ni karon farko ɓata shi na yi. Na je da riga cikin wando, da takardar tambayoyi ta Faransanci a kan faifan rubutu, na tsaya a kan wani dattijo mai sarin riɗi na fara da "nawa kake samu a wata?" Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Yaro, daga wurin masu lanho aka turo ka?"

"A'a Baba, ɗalibi ne ni."

"To Allah ya ba da sa'a. Mu nan ba ma samun komai, rufin asiri ne kawai."

Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Kafin in kai rumfa ta uku labari ya riga ni, kowa ya zama ba ya samun komai. Sai da kawuna ya kai ni da kansa bayan mako biyu, ya ce ga ɗansa yana son koyo. Na zauna a bakin rumfar nan hutu guda ina riƙe bakin buhu, ina ƙirga lodi, ban tambayi komai ba. A hankali dattijon da kansa ya fara: me ya sa ba ya sayen riɗin da bai sa hannu har ƙasan buhu ba, wa yake ba bashi, wa ba ya ba, me ya sa yake saye da kaka ya ajiye. Abin da aka koya mana a aji da sunan P huɗu, rabon da wani malamin Amurka, McCarthy, ya yi a 1960, wato haja, farashi, wurin sayarwa da talla, duk ga shi a gabana, har da abin da littafin bai faɗa ba: amana da dillali.

Don haka ka je ta hannun wanda suka sani. Ka gaisa yadda ya kamata. Kada ka rubuta a gabansu a farkon zuwa, bari sai ka fita. Kada ka taɓa tambayar mutum ribarsa, tambayi farashi, ribar kai za ka lissafa. Abin da aka gaya maka a rumfa kuma ba na kaiwa rumfar gaba ba ne. Ɗaliba mace da ba ta son cunkoson ƴan sari tana da fagen da maza ba sa shiga: masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, dillalan kayan ɗaki, masu turaren wuta, masu sayar da atamfa ta waya daga cikin gida. Kasuwa ce babba da ba a cika rubutu a kanta ba.

Bayan shekara biyu za ka ga littafin ya fara magana: lokacin da farashi ke faɗuwa, yadda layya ke ɗaga rago, yadda rufe iyaka ke juya komai.

7. Ƙetare iyaka: canji, sharuɗɗan ciniki, duwan

Fara da canji. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ya motsi. Naira kuwa yawo take. Ga misali, alƙaluman nawa ne don koyarwa. Ka sayi riɗi buhu 100, kowane jika 25, wato sefa 25,000. Dako, lodi da takardu sun ci jika 3 a kan kowane buhu, ya tsaya maka a 28,000. Ka sayar da kowane buhu a kasuwar Dawanau ta Kano naira 77,500, ranar da jika ɗaya ke daidai da naira 2,500. Buhu ya ba ka sefa 31,000, ribar lodin 300,000. Amma mai sayen ya ce sai bayan mako uku zai biya. Kafin nan jika ta koma naira 2,800. Nairarka na nan yadda take, amma yanzu buhu bai wuce sefa 27,680 ba. Riba ta tafi, har ka tafka asarar kusan 32,000. Wannan shi ne haɗarin canji da za a cika maka allo da shi. Ƴan kasuwarmu na da maganinsu: ko a yanke ciniki da sefa, ko a karɓi kuɗi nan take a canza, ko a juya nairar ta zama kaya a dawo da su.

Sai sharuɗɗan Incoterms, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ke fitarwa. Bugun 2020 na da guda 11. Kowane tambaya biyu yake amsawa: wa ke biyan me, kuma a wane wuri haɗari ke barin wuyan mai sayarwa ya koma na mai saye. Huɗu daga cikinsu, FAS, FOB, CFR da CIF, na jirgin ruwa ne kawai. Duk shekara sai na ga ɗalibi ya rubuta "CIF Zinder", in tambaye shi a wace unguwa tekun yake. Mu da ruwan famfo ma sai an yi da gaske. Kayan da za su iso nan ta mota, FCA, CPT, CIP ko DAP ake dubawa. Wani tarkon: a CIF mai sayarwa ne ke biyan jirgi da inshora, amma haɗari na komawa kan mai saye tun lokacin da aka loda kayan a jirgi, ba sai sun iso ba.

Duwan kuma ka koyi abu uku da ake gina kowace sanarwar kaya a kansu: nau'in kaya da lambarsa, ƙasar asalinsa, da ƙimarsa. Ka san sunan SYDONIA, manhajar da duwan ke aiki da ita, in ka samu mai nuna maka ita ka gode masa.

Dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya, kuma kwafin darasin da ake gado daga yayye kan tsufa. A Yamai aka ƙaddamar da fara aikin yankin ciniki maras shinge na Afirka a Yulin 2019. Wata guda bayan nan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, tana cikin ƙawancen AES tare da Mali da Burkina Faso, tana kuma cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. A ƙarshen 2024 an hana fitar da hatsi irin su gero da dawa, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Saboda haka duk abin da za ka rubuta a kan harajin shigo da kaya ko izinin fitarwa, ka sa masa kwanan wata, ka tabbatar da shi a ofishin duwan ko na majalisar ƴan kasuwa.

8. Harshe

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, amma jarrabawarka da Faransanci za ka rubuta ta, kuma wasiƙa mai kurakurai na kashe neman aiki tun kafin a ga fuskarka. Ingilishi kuma ba ado ba ne a wannan fanni: takardun jirgin ruwa, wasiƙun Sin da Dubai, ofisoshin Kano, duk da shi ne. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

9. Neman sitaj

Fara nema wata uku kafin lokaci. Kowa na hangen matatar mai ta SORAZ, da bankuna, da kamfanonin waya. Kai takardarka can, babu laifi, amma kada ka zauna jira. Ofishin masu fiton kaya, kamfanin motocin safa, ƙungiyar manoma, wurin aika kuɗi, ko babban shagon sari, sau da yawa sun fi koyarwa, domin hannu suke nema. In duk ba a samu ba, je wurin ɗan kasuwar da ka saba da shi, ka roƙi izinin tsara masa littafin kaya da na bashi, makaranta ta ba ka takardar yarjejeniya ya sa hannu. Tambayi sashenku tukuna ko za su karɓa.

A wurin sitaj, riga kowa zuwa. In an aike ka ɗaukar kwafi, karanta abin da kake kwafa, haka na fara sanin kamannin takardar lodin jirgi. Rubuta abin da ka yi kowace rana. Kada ka ɗauki hoton takardar kamfani ba da izini ba. Ranar ƙarshe kada ka fita sai da takardar shaida mai hatimi.

10. Rubuta kundi da kare shi

Take mai faɗi shi ne kabarin kundi. "Matsalolin kasuwanci a Nijar" ba ya rubutuwa. "Yadda canjin naira ke shafar ribar masu sarin riɗi a Kasuwar Dole" yana rubutuwa, kuma rabinsa na cikin littafin kasuwarka. Alƙaluman hukuma ka neme su a INS, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, da SIMA mai bin farashin amfanin gona, da shafin Trade Map don cinikin ƙasashe.

Takardar tambayoyi ka rubuta ta da Faransanci saboda malamai, amma ka fassara ta da kanka zuwa Hausa, ka gwada a kan mutum biyar kafin ka fita da ita. Manhajar tattara amsoshi ta KoboCollect na aiki a waya ko babu intanet. Kada ka zauna a ɗaki ka cike takardun da kanka, malamin da ya daɗe yana gane amsoshin da hannu ɗaya ya rubuta. Kwafo daga intanet ko daga kundin wani ma haka. Kai wa malamin da ke duba ka babi-babi, kada ka tara masa duka ana saura mako guda. Ajiye aikin a wuri uku: kwamfuta, kile na USB, da imel ɗinka. Na ga wanda kwamfutarsa ta mutu ana saura kwana tara.

Ranar karewa yawanci minti goma sha biyar zuwa ashirin za a ba ka. Gwada jawabin da agogo sau uku a gaban abokai. Je da kwafi a takarda ko da wuta za ta ɗauke. In an yi maka tambayar da ba ka bincika ba, ka ce bincikenka bai kai nan ba, ya fi ka yi ta kame-kame. Dangi kuma a roƙe su su riƙe guɗa da kwanukan abinci sai an faɗi maki.

11. Bayan an tafa

Yi gyare-gyaren da aka ce ka yi cikin makon, tun kana tuna su, ka kai kwafin ƙarshe. Karɓi takardar shaidar kammalawa da takardun makin zango shida cif, ka duba rubutun sunanka kafin ka bar ofishin, ka yi musu kwafi masu hatimi. Mai neman aiki ya yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ya kuma tambayi yadda ake shiga hidimar ƙasa. Mai son kafa nasa ya nemi rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, ofishin majalisar ƴan kasuwa zai nuna masa takardun da ake buƙata. In mastar kake so, ni na fi son ka yi aiki shekara ɗaya ko biyu tukuna, sai ka san fannin da kake nema da kanka. Ranar da aka kira ka ganawar ɗaukar aiki, sa littafin kasuwar nan a jaka tare da digirin.